Kalilu Mai Burodi Ya Je Shara Dutsi

Duk mai fita da sassafe a Daura ya san Kalilu mai burodi. Ko bai san sunansa ba ya san babur ɗinsa, wanda akwatin katakon da ke bayansa ya fi mai tuƙin faɗi. Gajeren mutum ne mai saurin dariya, ba ya wuce jama'a bai tsaya an gaisa ba, shi ya sa tafiyar da wani zai gama kafin rana ta ɗaga shi sai ta kai shi hantsi. Da keke ya fara, yana saro burodi yana bin masu shayi, har Allah ya sa kamfanin burodin nan mai hoton zakara a jikin leda ya ba shi wakilci. Ranar da aka kafa masa allon kamfani a ƙofar shago, matarsa Laraba ta yi ta rangaɗa guɗa sai ka ce aure aka ɗaura. A sana'ar nan ya rufe ɗakunansa da kwano, a cikinta ya sa 'yarsa Zulfa makarantar koyon jinya, kuma bai taɓa sa ransa a abin da ya wuce haka ba.

Kamfanin yana da tsarinsa, kowane wakili da yankinsa, ba a shiga na wani. Kalilu aka ba unguwannin bakin gari, aka haɗa masa da Kwanar Ɗantsoho, wata mahaɗa a hanyar Dutsi inda motocin kasuwa ke tsayawa, masu shayi sun jera tebura. Nan ne rabin cinikinsa yake. Daga kwanar zuwa Dutsi kuwa yankin Dabo ne, wanda shi ma wakilin kamfanin ne.

To Dabon nan ɗan kawun Kalilu ne, wato taubashinsa. Tun suna yara Dabo, da yake ɗan namiji ne, ba ya kiran Kalilu da sunansa, sai dai "bawana". Ya ƙwace masa hula a taron suna, ya cinye masa nama a kwano, kowa ya yi dariya, don haka wasan taubasai yake, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Da Dabo ya sayi 'yar motar ɗaukar kaya, sai wasan ya tashi daga hula ya koma kan abinci. Kullum Kalilu zai iso kwanar ya tarar Dabo ya riga shi, tebura cike da burodi mai zakara, masu shayi suna sunkuyar da kai. In sun haɗu, Dabo ya leƙo ta tagar mota yana washe baki.

"Bawa, ka makara! Abin bawa ai na ubangijinsa ne."

Kalilu ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba, ya juya da kaya. Burodi kuwa ba ya jiran kowa, in ya kwana biyu sai dai a ba awaki. Ana nan sai manajan kamfani ya kira shi ya faɗa masa a fili cewa kayan da yake ɗauka sun ragu ƙwarai, in aka ci gaba a haka za a cire allonsa a haɗa yankin da na maƙwabcinsa. Ya kuma tambaye shi ko wani ne ke shigar masa. Kalilu ya ce babu kowa.

"Babu kowa?" in ji Laraba da ya ba ta labari. "Baban Zulfa, kalma ɗaya za ka faɗa su ja masa kunne."

"In kai ƙarar taubashina wajen baƙo? Da wane ido zan dubi Kawu ranar Sallah?"

"To ka dube shi da idon wanda aka cire wa allo."

Maganar ta yi masa zafi, don gaskiya ce. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba tun yana kan keke. Ya san in ya yi wa Dabo maganar tsakani da Allah, dariya zai mayar da ita. In ya yi fushi kuma dangi su ce ba ya jin wasa.

Sai ga watan Cika-ciki ya kama, lokacin da 'ya'yan mace ke bin 'ya'yan namiji su karɓi kuɗin shara. Kalilu ya daɗe da daina karɓa, yana ganin ya girma. A wannan shekara kuwa, washegarin cin tuwon Cika-ciki, ya ari tsintsiyar Laraba ya ɗaure a bayan babur ya kama hanyar Dutsi. Ya tarar da ƙofar shagon Dabo cike da mutane, har Kawu na zaune a kan tabarma. Ya yi gaisuwa, ya naɗe hannun riga, ya duƙa ya fara shara. Dattijo mai furfura a gemu yana shara kamar sabuwar amarya, ai nan da nan masu wucewa suka tsaya. Dabo ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ya sa hannu a aljihu.

"Mayar da hannunka, ubangijina," in ji Kalilu. "Bana ba kuɗi nake so ba."

"To me bawa ke so? Faɗi, ko rigar jikina ce."

"Jama'a kun ji shi. Kawu ka ji shi. Kwanar Ɗantsoho nake so."

Dabo ya daina dariya. Ya buɗe baki zai ce wani abu, Kawu ya riga shi.

"Kai ka ce ya faɗa. A gidanmu ba a taɓa hana shara ba."

Wurin ya ɗauki shewa. Dabo ya dubi taubashinsa, tsintsiya a hannu, gumi na bin wuyansa, kuma ina jin a ranar ne ya fara gane cewa abin da yake yi ya daɗe da wuce wasa. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba, ya dai ce a kawo wa bawa ruwa.

Kalilu ya koma Daura bai san matsayinsa ba. Da gari ya waye ya cika akwati maƙil, Laraba na cewa ya rage kada ya yi asara, ya ƙi. Ranar bai tsaya gaisawa da kowa ba a hanya, sai ɗaga hannu.

Yana isa kwanar sai ga motar Dabo a gindin bishiya. Sai da ya matso ya ga bayanta wayam, teburan masu shayi ma babu ko leda ɗaya. Dabo na zaune a kan benci da kofi a gabansa, ya haɗe rai.

"Wane irin wakili ne kai? Tun ɗazu shayina ke hucewa, an rasa burodi a garin nan."

Kalilu ya kashe babur. Ya buɗe akwati ya zaɓo mafi laushi, ya yage ledar da kansa ya ajiye masa. Dabo ya cinye tas, ya tashi bai biya ba.