Motar Da Kowa Ya Sa Wa Albarka

Yau da safe na tarar kaza ta yi ƙwai a kujerar direba. Jar motata ce mai kujera biyu, wadda ke ajiye a bayan gida tun zamanin aikin dam ɗin Bakolori.

Lokacin ni ke kai wa ma'aikatan dam nama. Kasuwa ta buɗe, na sayo ta sabuwa dal, motar tsere mai giyar hannu. Ranar da ta iso Mafara, kowa ya ce sai ya sa mata albarka. Abokai da 'yan uwa, har wanda bai taɓa taka kuloci ba, duk sun ɗana. Wa zan hana?

Ba a jima ba, a hanyar Maradun giya ta biyu ta ƙi shiga, tana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Tunda akwai garanti, na ɗora ta a babbar mota na mayar wa kamfanin.

Injiniyansu ya duba, ya ce, "Alhaji, mutum nawa suka tuƙa motar nan?"

Na ce, "Duk mai ƙaunata ya tuƙa ta."

Ya ce, "To, garantinmu bai ɗauki ɓarnar masoya ba. Su haɗu su gyara maka."

Na dawo na faɗa a majalisa. Tun daga ranar tabarmar ƙofar gidana ta fara yi mini yawa. Ko mai taya ni turi ban samu ba, bijimi ne ya ja ta bayan gida.

Na bar wa kazar ƙwanta. Ita kaɗai ce ta shiga motar nan ta bar abin kirki a ciki.

Ku fa, wa ya taya ku turi ranar da taku ta tsaya?