Ila Ya Tafi Shuka

Shekara bakwai ke nan da aka binne Ila. Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma ban yi boko ba. Faɗa na yi aka rubuta. Shi ne mai baki a cikinmu. Da ni na mutu shi ya rayu, da ya cika muku jaridar nan kaf.

A Yamai, babban birnin ƙasa, muka haɗu, a kan bencin babban asibiti. Na ji wani yana gardama da mai gadi da harshen mutanen Damargu, na waiga. Dogo ne ramamme, da kumburi a wuya kamar ƙwan zabo. Ya dubi nawa wuyan, ya ga tabon sakiya, ya ce, "Kai ma wanzami ya gama da kai kafin ka zo?" Na ɗaga kai. Ya tambayi garinmu, na ce wajen Gangara. Ya ce shi wajen Tarka. Ya jira in ƙara wata magana, ban ƙara ba. Tun ranar ya sa mini suna Bebe.

A wajenmu kowa ya san kaluluwa. Ƙaya ta soke ka, miki ya yi ruwa, kaluluwa ta tashi ta yi zafi, ta koma. Tamu ba ta yi zafi ba, kuma ba ta koma ba. Ba a barin gona don abin da ba ya zafi. Na zauna da tawa ina ramewa, zazzaɓi yana zuwa yana tafiya, gumi yana jiƙa tabarma ko a cikin sanyi. Wanzami ya soka ƙarfe mai zafi, babu mugunya. Daga Tanut aka tura ni Damagaram, daga can Yamai. Aka yanki ɗan nama a wuyana aka duba. Hanyar da Ila ya bi ke nan shi ma.

Lokotoron da take duba mu, wato likita, 'yar Maradi ce, tana jin Hausa. Ta zaunar da mu tare. Ta ce sankarar kaluluwa ce, da nasaranci lanfom. Ta ce jikin mutum duk ƙananan ƙwayoyi ne masu rai, ido ba ya ganinsu. Kowacce tana rabuwa biyu ta haifi irinta, ta yi aikinta, lokacinta ya yi ta mutu. A cikinsu akwai farare masu tsaron jiki, kaluluwar wuya da hammata da matsematsi nan ne mazauninsu. To, wajen rabuwa, ɗaya ta yi kuskure wajen kwafar umurnin da ke cikinta. Ta daina jin a tsaya, ta daina jin a mutu. Sai haihuwa, 'ya'yanta ma haka, har suka cika wurin. Ba jifa ba ne, ba a ɗauka wajen wani. Kuma yanka ba ya raba mutum da su, don suna yawo ta hanyoyin jiki.

Ila ya ce, "Shibra ke nan."

Ba ta san shibra ba, sai ya gaya mata. Tana fita a gonar gero, tare da gero. Tana ƙarama ba ka bambanta su, ganye ɗaya, gindi ɗaya, ka yi mata noma da hannunka. Sai ta riga gero fitar da kai, ta zubar da ƙwayarta a ƙasa kafin girbi. Ka sare wadda ka gani, ta baɗi tana nan kwance. Lokotoro ta ce ya kusa. Ta ce shi ya sa maganin zagaye-zagaye ne, kuma dole a kai ƙarshe ko da kumburin ya ɓace.

Ina so a riƙe wannan: Ila ya gane. Kada wani ya ce jahilci ya kashe shi.

Maganin ƙarin ruwa ne. Yana bin duk ƙwayar da ke saurin rabuwa, bai san tamu da ta ciwo ba. Gashi ya zube, baki ya yi gyambo, hura ta koma ɗanɗanon ƙarfe. In an sa mana, sai a jira jini ya farfaɗo kafin a ƙara. A wannan jiran muke zaune a ɗaki ɗaya, a gidan wani mutumin Tanut da ya tausaya mana. Gida ya yi nisa. Ka je ka dawo, ranar magani ta wuce, kuma jiki ba zai ɗauki motar ba. Bango huɗu, rufin kwano, zafi. Mutumin da ya saba ganin ƙarshen sama ta kowane gefe, ga shi yana kallon ƙofa. Ila yakan shafa kansa ya ce, "Bebe, ƙwaryata ta fi taka sheƙi. Ko a rashin gashi na fi ka."

Kumburin ya narke da wuri. Muka shafa wuya, babu komai. Sai damina ta faɗi. Aka kira Ila a waya, ruwan shuka ya sauka a Tarka. Yana da mata da yara ƙanana, ƙanensa ya tafi haƙar zinariya a arewa ba labari. Na ga yana naɗe bargonsa.

Na ce, "Ba a gama ba."

Ya ce, "Na sani."

"Shibra," na ce.

"Ni na kawo zancen, Bebe, kada ka sayar mini da kayana. Ruwan Damargu ba ya jiran lokotoro. In na zauna, wa zai shuka? Kai?" Ya ɗaure bargon. "Noman farko kawai, in dawo. Kai zauna, dama ba ka da amfani a gona, kura ma ba ka iya yi wa tsawa."

Na zauna. Ba don na fi shi hankali ba. Ƙafata ba ta kai ni bakin titi a lokacin. Na san tawa gonar ta tafi, don matata Hadiza ta gaya mini sun cinye har irin shuka. Na kwanta a ɗakin ni kaɗai, ina jin ruwa a kan kwano, ruwan da ba ya yi mini komai.

Bai dawo bayan noman farko ba. Maimai ya zo, sannan korar tsuntsu, sannan girbi. Gona ba ta da ranar da take sakin mutum. Da ya koma Yamai, abin ya fito a ciki da ƙirji, maganin kuma bai ƙara cinsa kamar da ba. Ya roƙa a mai da shi gida. A rani ya rasu, rumbunsa cike. Allah ya jiƙansa.

Ni da aka sallame ni na iso gida, na tarar da damman gero a tsakar gida. Hadiza ta ce wani dogo mai sanƙo ya zo da amalanke bayan ruwa ya sauka a Gangara, da irinsa a buhu. Ya ce, "Nan ne gidan Bebe?" Ba ta gane ba sai da ya kwatanta. Shi ya sari ramuka, ita da yara suka bi suna zuba iri. Bai taɓa gaya mini ba a waya, shi da ba ya iya riƙe magana.

Yanzu mutane suna zuwa daga ƙauyuka in taɓa musu wuya, wai ni na san abin. Ban san komai ba. Ina cewa yawancin kaluluwa ba sankara ba ce, amma wadda ta daɗe ba ta koma ba, a kai asibiti, kada a kai wa wanzami. Sai mutum ya ce to, bari a gama girbi. Da Ila yana nan da ya yi dariya, don hanyar ba ta rage tsawo ba, damina kuma ba ta koyi jira ba. Ban san abin da zan ce musu wanda ban ce masa ba.

Lokotoro ta ce bayan waɗannan shekaru da wuya ciwon ya dawo mini. Na ji. Hannuna ne bai ji ba. Kowace safiya, kafin alwala, yana kan wuyana. Wani lokaci ina ganin ban taɓa fita daga ɗakin nan na Yamai ba.

An sha tambayata ko kuskure Ila ya yi. Yaransa sun ci tuwo shekarar, sun tashi ba uba. Ni na zauna na rayu, da geron wanda ya tafi. Ban iya auna wannan ba, na daina gwadawa.

Irinsa nake shukawa har yau. Kowace kaka ina zaɓar zangarniya masu kyau in ajiye, in aika wa matarsa rabonta. Kowace damina shibra tana fita a ciki. Ina bin kunya-kunya, in sare ta kafin ta zuba. Ba na barin wannan aikin sai gobe.