Goron Malam Dawuda

Malam Dawuda jikan fataken Kano ne, amma a Garwa ta ƙasar Kamaru aka binne cibiyarsa, kuma a wata ƙaramar kasuwa kusa da kogin Binuwai ya tsufa yana sayar da busasshen kifin garin Tibati. Mutum ne da ake kira ya yi shaida a kan ciniki, don bai taɓa musun abin da aka yi a gabansa ba.

Shekarar da rikicin rabon rumfuna ya kai ga ƙona layin masu tumatir, shi ya bi mutane rumfa-rumfa da shawara: shugabancin ƙungiyar 'yan kasuwa ya riƙa zagayawa. Fulani su yi wa'adinsu, Hausawa su yi, sannan Kiristoci, waɗanda su ne marasa yawa. Wanda ke kan kujera kuma ba zai ba kowa rumfa ba sai sauran ɓangarorin sun yarda.

Pélagie mai sayar da ganye, wadda ke magana da yawun Kiristoci, ta ce a rubuta, a kai wa hukuma ta buga hatimi.

"Haba Madam," in ji Malam Dawuda. "Takarda ai ta waɗanda ba su yarda da juna ba ce. Mu in an raba goro an shafa fatiha, magana ta ƙare."

"Baba, ni ba na shafa fatiha."

"Na shafa miki. Ni ne takardarki."

Ta yi dariya, ta karɓi goron.

Fulani suka yi suka sauka. Hausawa suka tsayar da ƙanen Malam Dawuda, Alhaji Mahfuzu mai shinkafa. Da wa'adinsa ya cika, aka taru a ƙarƙashin darbejiya, Pélagie ta zo sanye da sabon zane, don yanzu layi ya zo kan Kiristoci. Sai Mahfuzu ya miƙe ya ce zamani ya sauya, yanzu dimokuraɗiyya ake yi, kowa ya ɗaga hannu a ga masu rinjaye.

Malam Dawuda ya tashi tsaye. "Mahfuzu, goron fa?"

"Yaya, zauna kar jininka ya hau. Goron nan ai tuni aka tauna aka tofar."

Aka yi dariya. Tsohon ya shiga kiran waɗanda suka shafa fatihar da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya dubi takalminsa, wancan ya ce shi ya ɗauka shawara ce kawai. Hannuwa suka tashi, Mahfuzu ya zarce.

Pélagie ba ta ɗaga murya ba. Ta tsaya gaban Malam Dawuda ta ce, "Baba, ina takardata?"

Ya juya ya koma rumfarsa.

Har yau yana nan a rumfarsa, ya rame, ba ya zuwa taro. Pélagie tana gaishe shi in ta wuce, amma ba ta tsayawa. Kwanan baya wasu mahauta biyu suka zo da goro, suna so ya shaida yarjejeniyarsu. Ya dubi goron ya daɗe, sannan ya tura musu shi.

"Ku je ku rubuta," ya ce.