Dutsen da Baba Ya Haƙo

Ranar nan muna cikin bas daga Sonafur, masaukinmu na leburori a ƙasar Larabawa, zuwa tashar jiragen ruwa ta Jabal Ali, kowa na gyangyaɗi, sai wani abokin aikina ɗan Gana ya miƙo mini wayarsa. Hoton wani rami ne mai murfin ƙarfe a kan tsauni a Faransa, ciyawa ta cinye bakinsa. Ya ce, "Nan suka ɓoye makamansu masu linzami na nukiliya. Yanzu khalas, zance ya ƙare, an kwashe." Na mayar masa da wayar. Baba ne ya faɗo mini a rai.

A garin ma'adinai na tashi, can arewacin Nijar, inda ba a shuka komai. Baba yana cikin masu shiga ƙarƙashin ƙasa su haƙo dutsen yuraniyom. Da la'asar yakan dawo gemu fari fat da ƙura, Inna ta kakkaɓe rigar aikinsa a bayan ɗaki, mu yara muna tsalle cikin abin da ke tashi. Lokacin zafi ma rigar nake matashi da ita a tsakar gida, don gumin Baba nake ji a jikinta.

Wani direban kamyo, babbar motar da ke jigilar dutsen, shi ne ya dagula masa lissafi. Ya gaya masa dutsen nan, in ya ƙetare teku, har a kan wani makami ake ɗora shi, wanda zai tashi daga wata ƙasa ya share birni guda a wata. Tun daga ranar Baba bai ƙara cin tuwo da daɗi ba. Ya je wurin limamin unguwa.

"Malam, in aka harba, ina da kaso cikin alhakin?"

Liman ya ce, "Allah ne masani. Ci da iyalinka, ka yawaita istigfari."

Barin aiki kuwa ba hali, bakuna sun yi yawa a gidan. Sai ya koma wa rediyo. Duk sanda manyan ƙasashe suka fara cacar baki, ka gan shi yana kai da kawowa, carbi a hannu.

Shekaru suka ja, tari ya kama shi har ya kwantar. Yana kan tabarma, ƙirji na kuka, aka faɗa a labarai an yi wa makaman da Faransa ta ɓoye a ramukan tsauni ritaya, za a kwance su, ba a taɓa harba ko ɗaya kan kowa ba. Ya sa na ƙara murya.

"To, alhamdu lillahi," ya ce. "Ashe mu kaɗai dutsen ya ci."

Bai kai azumi ba.

Yau ni ma furfura ta fara mini. Wuni nake ina ɗaure kwantenoni a bakin teku, rufaffu ruf, daga inda ban sani ba zuwa inda ban sani ba. Ka ga, Baba ya tambayi abin da hannunsa ke aika wa duniya. Ni ban taɓa tambaya ba. Ba don zuciyata ta fi tasa natsuwa ba. In na tashi aiki, ƙarfin cire takalmi ma da ƙyar nake samu.