Gurbin Sambo a Waƙar Hayatu

Duk wanda ya taɓa kai babur faci bakin tashar Bukkuyum ya san Hayatu. Gajere ne, ga sanƙo yana ƙyalli kamar an shafa masa man gyaɗa, ga murya irin ta ƙyauren langa-langa. Amma kada ka faɗa masa, don shi a wurinsa mawaƙi ne, facin taya kuwa taimakon jama'a kawai yake yi.

Shekara bakwai ke nan, kowace babbar Sallah sai ya fitar da sabuwar waƙa. Ba ya yabon kowa, labari yake bayarwa. Wata shekara na ragon da ya tsinke ranar jajibiri ya faɗa gonar wake, wata shekara na limamin da tari ya sarƙe ana tsakiyar huɗuba. Duka a ƙauyensu suka faru, can ƙetaren gulbi, kafin rashin zaman lafiya ya watsa mutane.

A can su biyu suke yi. Hayatu ya ja baiti, Sambo ya amsa. Sambo Bafillace ne, rugarsu na gefen gonar su Hayatu. Ranar Sallah ya zo da ƙwaryar nono, innar Hayatu ta dama musu fura, su zauna gindin tsamiya suna rerawa har mata su kore su. Da gari ya tashi, Hayatu ya yo Bukkuyum, Sambo ya kora shanu ya yi kudu. Lambarsa ta daina shiga. Tun daga nan ba wanda ya ce ga shi, a raye ko a mace.

In Sallah ta matso, Hayatu kan rubuta baitukansa a bayan kwali, ya hau mota sai Gummi, wurin Haris mai ɗaukar waƙa. Sai dai bayan kowane baiti yakan yi shiru, tsawon numfashi uku, yana kaɗa kai. Haris ya yi ta lallashinsa a sa 'yan amshi, ko a cike da kiɗa.

"Kak ka taɓa min wurin ga," in ji Hayatu. "Da mai shi."

Mu maƙwabta mun samu abin yi. Wani ya ce waƙar ma tana neman faci. Matarsa Safara'u ta ce ita dai shirun ya fi mata daɗi. Shi ko a jikinsa. Ranar kasuwa yana bin direbobin motocin shanu yana tura musu a waya, ko sun so ko ba su so.

Bana, saura kwana goma Sallah, wata mata ta tsaya gaban rumfarsa, ta ce da sanƙon ta gane shi. Habsu ce, ƙanwar Sambo, ta zo biki. Ta ce Sambo na nan da ransa can dajin Neja, kuma waƙoƙin sun kai gare shi. Yakan ari wayar ɗansa ya ɗora kan turmi, duk inda Hayatu ya yi shiru sai ya amsa, shanu na kallonsa.

"Ya ce in na gan ka in hwaɗa maka ka cika gaggawa," in ji Habsu. "Tsuhwa ya zo, numhwashi ya ragu. Kahin ya ƙare amshi ka auko mishi."

"Raggon banza," in ji Hayatu. "Dama can haka shike."

Ya duƙa kan bahon ruwa yana neman huji a tib ɗin taya. Kumfa ta daɗe da nuna wurin, amma bai ɗago ba.

Waƙar bana shirunta numfashi biyar ne. Haris ya yi mita har ya gaji. Ranar Sallah da la'asar muka saurare ta a ƙofar gidan Hayatu, ana ta suyar nama. Na shirya maganar da zan tsokane shi da ita, sai na ga duk inda shirun ya zo yana karkata kunne kudu, yana jira Sambo ya ƙare. Na haɗiye abata.