Layin Bokitan Tabawa

In ka shigo unguwarmu ta bayan Naraguta ka ce kana neman Tabawa, ko yaron goye zai nuna maka famfo. Can take zama tun ina amarya, a kan wani kututture, mayafi ɗaure a ƙugu, tana raba wa mata layi. Babu wanda ya naɗa ta, babu mai biyan ta. Bakinta ne ya naɗa ta. Ni Hussaina, da katanga ɗaya ta raba gidana da nata, na sha zaginta na kuma sha kununta, don haka ni ce zan ba ku labarinta.

Kakanta wankin kuza ne ya kawo shi Jos daga ƙasar Kano. Kamfani ya kwashe kuzarsa ya yi gaba, ya bar mana rami a bayan gidaje, ruwa ya cika shi. Kududdufin nan shiru yake, kore shar, bakinsa santsi, zurfinsa kuwa sai Allah. A daminar da sojoji ke haramar miƙa mulki ya cinye mata ɗanta Mahdi, yana ɗan firamare. Ƙwallo ya bi. Daga ranar Tabawa ba ta da wata magana da 'yan siyasa sai guda ɗaya: a kewaye ramin nan.

Ana zaman makoki wani mai neman kujerar majalisar dokokin jiha ta mazaɓarmu ya zo gaisuwa, har da share hawaye. Ya rantse in ya ci, shinge ne aikinsa na farko. Ya ci a 1999. Duk sa'ad da aka tare shi da zancen sai ya ce, "Ana kan hanya." Har muka manta sunansa na yanka, muka koma ce masa Honarabul Ana-Kan-Hanya. Wallahi in na tuna mutumin nan har yau raina ɓaci yake.

Rikicin 2001 ya zo ya raba unguwa biyu, Musulmi ta gabas, Kirista ta yamma, kowa yana kallon kowa a kaikaice. Amma famfo ɗaya ne, kuma ƙishirwa ba ta tambayar inda kake ibada. Dokar famfo tun ta iyayenmu ce: ki ajiye bokitinki a layi ki koma aikinki, bokitinki ke ce. Wadda ta taɓa bokitin wata, gidansu ba su ƙara ɗiba sai ta ba da haƙuri a gaban kowa. In ruwa ya zo, Tabawa ta buga wani guntun ƙarfen dogo da ke rataye a bishiyar mangwaro, kowa ta fito ta tsaya inda bokitinta yake. Ita da ƙawarta Atine, wadda muke kira Maman Faith, 'yar Birom mai sayar da dankali, su suka riƙe dokar nan ko a kwanakin da maza ba sa gaisawa.

A 2003 wani dattijo ya fito takara, Baba Chuwang, tsohon mai yi wa shanu allura a Vom. Shi ma wani ramin kuza ya ci 'yar ƙaninsa. Bai zo da makaɗa ba. Zuwa ya yi da fartanya ya dasa ƙyarana, irin wadda Birom ke kewaye gida da ita, a gefe ɗaya na kududdufin, ya ce iyakar ƙarfin hannunsa ke nan, sauran sai da kujera. Mata muka ce mun ji mun gani.

Ranar zaɓe muka fita da sassafe muka yi layi a filin makarantar firamare. Akwati bai zo ba. Hantsi ya yi, azahar ta yi, shiru. To, namiji yana iya zama gindin bishiya ya wuni yana gardamar ƙwallo. Mace fa? Ga tukunya, ga goyo yana tsala ihu, ga miji yana aiko a tambayi abinci. Ɗaya bayan ɗaya muka zare jiki. Ko da motar akwati ta iso gab da la'asar, layin mata bai fi a ƙirga da yatsu ba, kafin labari ya kai lunguna an rufe. Ana-Kan-Hanya ya koma kujera da ɗan rinjayen da bai kai matan unguwarmu yawa ba. Ranar na ga Tabawa ta yi kuka irin na makoki. Da aka sa dokar ta-ɓaci a 2004, majalisa ta tafi hutun dole, ai sai ya samu sabon uzuri. Kududdufi kuwa ya ƙara cin yarinya, 'yar ɓangaren su Atine.

Da 2007 ta ƙarato, Baba Chuwang ya sake fitowa, shi ma wancan ya ce sai ya yi karo na uku. Wata safiya ana jiran ruwa, Tabawa ta tsura wa layin bokitai ido. Can ta ce, "Maman Faith, ashe mu sakarkaru ne?"

Atine ta ce, "Ke dai ki faɗi naki, kar ki haɗa da ni."

"Ruwa ma da ba shi da ranar zuwa ba ma tsayuwar jiran sa. Don me za mu tsaya wa akwati?"

Atine ta dubi bokitan, ta dube ta, ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Kafin azahar magana ta zaga gabas da yamma.

Ranar zaɓe, ana idar da sallar asuba, mata suka yi ta ɓullowa filin makarantar da bokiti, da jarka, da baho, wata ma tsohuwar tukunya ta kawo. Kowa ta ajiye ta juya gida. Maza suka zo suka tarar da layi tun daga ƙofar aji har bayan filin ƙwallo, babu mutum ko ɗaya sai Tabawa a kai, Atine a ƙarshe. Ni kuwa na raɓe can gefe ina kallo. Kai, na ga dariya ranar! Mijina ma cewa ya yi, "Yau kuma robobi ne za su dangwala?" Na ce masa ya jira ya gani.

Masu dariya ba su dame mu ba. Waɗanda suka fahimci abin da ke faruwa su ne matsala. Wajen hantsi sai ga samarin Honarabul, shugabansu Salim, ɗan unguwarmu, an ba shi riga da hula yana ta hura hanci. Ya ce nan ba famfo ba ne, a kwashe tarkacen nan ko su kwashe. Ya nufi wani shuɗin bokiti ya ɗaga ƙafa.

Tabawa ko tashi ba ta yi ba. Ta ce, "Salim, harba. Harba mana, ɗan albarka. Bokitin da hannunsa ke ɗaure da waya ko? Na uwarka ne. Da shi ta yi wankan jegonka."

Ƙafar yaron nan ta tsaya a sama kamar ta zakara. Ya matsa ga na gaba, ta ce na gwaggonsa ne. Ta juya ga sauran ta ce, "Duk wanda ya taɓa bokiti a nan, ya je ya gaya wa uwarsa da bakinsa cewa gidansu sun bar shan ruwan famfo." Nan fa kowa ya sha jinin jikinsa. Salim ya ruga wajen ɗan sandan da aka turo rumfarmu, wani Saja Romanus, yana cewa, "Oga, doka ta yarda da wannan?"

Saja ya taka ya bi layin a hankali, hannu a baya. In ya ce a kwashe, shi ke nan mun koma gidan jiya. Ya dawo ya tsaya gaban Tabawa ya ce da irin Hausarsa, "Mama, bokiti ba zai yi zaɓe ba. Mai bokiti ne zai yi, da katinsa."

Ta ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Ya juya ga Salim. "Matana ma yana ajiye bokiti a famfon bariki. Ko ni mai bindiga ban isa in taɓa ba. Ka bar wurin nan."

Akwati bai zo ba sai bayan azahar, kamar wancan karon. Amma wannan karon an yi girki, an yi wa yara wanka, an yi salla. Malamin zaɓe bai gama sauke kaya ba Tabawa ta ɗauko ƙarfen famfo, wanda ta kwanto ta ɓoye a ƙarƙashin tabarma, ta shiga dukan sa. Jama'a! Ƙofofi suka buɗe ta gabas da ta yamma. Masu hijabi, masu ɗan kwali, masu goyo, tsofaffi da sanda, kan ka ce kwabo kowace tana tsaye gefen bokitinta da kati a hannu. Babu turereniya, babu "ni na riga ki". Malamin zaɓe, wani saurayi mai tabarau, ya saki baki yana kallo.

Tabawa ce ta fara shiga. Ta fito tana duban tawadar da ke babban yatsanta, ta dubi layin maza inda samari ke ta zolayar juna. Ta ce mini a hankali, "Hussaina, da Mahdi na nan, bana zai fara." Na kama hannunta na riƙe.

Aka ƙirga a gabanmu kafin magariba, Baba Chuwang ya yi kaca-kaca da Ana-Kan-Hanya a rumfarmu. Washegari rediyo ya faɗi sakamakon mazaɓa duka: dattijon ya ci, da ɗan rinjaye shi ma, kuma kowa ya san daga inda rinjayen ya fito. Atine ta rangaɗa guɗa irin tasu, ni na rangaɗa irin tamu, Tabawa ta cire mayafi daga ƙugu tana juyi a tsakiyar titi, mace mai jikoki. Daɗi kamar ya kashe ni.

Ba ta ƙyale Baba Chuwang don ya ci ba. Duk ranar da ya shigo unguwa tana bakin motarsa. Da rani ya zagayo sai ga tifa da yashi, ga turakun siminti, ga waya mai kauri wadda ta fi tsayin namiji. Ranar da aka gama, aka kafa rumfa, aka ce Tabawa ta zo ta yi jawabi. Ta ce ba ta da jawabi. Ta wuce manyan baƙi ta tafi jikin shingen, ta bi shi turke bayan turke, tana kama waya da hannu biyu tana jijjigawa da dukan ƙarfinta, har ta zagayo inda ta fara. Ko motsi bai yi ba. Ta share fuska da bakin zani ta ce, "Ya yi."

Ni kuwa tun da autana ya fara tafiya, in zan ɗora tukunya sai na ɗaure ƙafarsa da tsohon zani a jikin turmi, saboda tsoron kududdufi. Ranar ma a ɗaure na baro shi. Ban jira an raba lemo ba. Na koma gida na kwance shi, na buɗe masa ƙofa.