Mutumin da Ya Jira Kwamfuta ta Huɗu

Mai kafen intanet ta kasa gane wannan mutumin. Dogo ne, riga a goge tsaf, turarensa ya cika ɗakin. Kwamfuta uku babu kowa, amma shi ta huɗu yake so, wadda wata mata sanye da kayan asibiti ta bari yanzun nan.

"Yallaɓai, ta farko ta fi sauri," in ji mai kafe.

"Bar ni da wannan, ƙanwata."

Kujerar ma ba ta huce ba ya zauna. Ko harafi ɗaya bai rubuta ba. Burauza ya buɗe, wato manhajar shiga intanet, ya shiga inda take tara shafukan da aka duba, yana bin su kamar mai bin sawu. Mutane na ɗauka in sun rufe shafi, shi ke nan. Burauza kuwa ba ta mantuwa sai an goge, kuma mai kafe ta daina gogewa tunda kwastomomi suka ishe ta da mita.

Ta bayan kafaɗarsa tana hango abin da matar ta nema: ɗakin haya, sabuwar makarantar yara, sai taswira da jan ɗigo a kan wani layi. Wataƙila mutumin nan yayan matar ne. Wataƙila wanda take gudu ne.

Ya ɗauki hoton taswirar da waya, ya goge komai da kansa, ya gyara kujera.

A bakin ƙofa ya juyo yana murmushi. "Ki riƙa gogewa, ƙanwata. Mutane ba su da kirki."